A Buɗe Wa Mata Ƙofar Ƙungiya

'Yan'uwa fatake da dillalai, mu faɗa wa juna gaskiya. Saniyar da muke saukewa a Kwatano, wa ke ƙarasa cinikinta? Mata ne ke sayen kayan ciki da ganda, su dafa, su sayar a Zongo. Su ne ke kai wagashi kasuwar Dantokpa. A 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, adashen mata ya riƙe gidaje da dama. To, don me ba su da kujera a ƙungiyarmu? Wadda ta saba zubi kan lokaci ba za ta cinye bashi ba. Mu rubuta sunayensu, mu ba su rancen kiwon raguna kafin Layya. Ribarsu gidajenmu za ta shiga. Allah ya sa mu dace.