Alli da safe, kwarashi da yamma

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta wuce Tibiri da Caduwa da Agye har Gazawa, cikin watan Disamba, zai ga aji iri biyu a fili ɗaya: na siminti mai ƙofar ƙarfe, da rumfar kara da iyayen yara suka kafa bayan girbi. A rumfar nan malama take tsayuwa tun safe, iskar hunturu na shigowa ta kowace kafa, ƙurar alli da ta ƙasa sun haɗu a maƙogwaronta, tana ɗaga murya don ƴan baya su ji, ajin da ke bayan zana kuma yana rera nasa karatun. Da yamma sai a same ta kan tabarma a tsakar gida, ƙullin zaren ulu cikin kwano don kada ya gangara cikin rairayi, kwarashi a hannu, tana saƙa hular jariri. Wasu na kallon zaman nan a matsayin ɓata lokaci. Ni ina ganin yana cikin abin da ke mayar da ita aji washegari da sauran haƙuri a ƙirjinta, kuma ya kamata sufeto da darakta da maigida su san da haka.

Kayan da malamin karkara ke ɗauke da shi ba ƙarami ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1990 Nijar ta jingina makarantunta a kan malaman kwantiragi, har suka zama su ne mafi rinjaye a firamare, kuɗinsu kaɗan, sau da yawa kuma wata ya mutu, wani ya tsaya, ba su shigo hannu ba. A watan Yulin 2017, zamanin minista Dauda Mamadu Marte, aka zaunar da su jarrabawar tantancewa, wasu suka rasa aikinsu, waɗanda suka tsira suka koma aji da sanin cewa kujerarsu ba ta da ƙafa huɗu. A watan Nuwamban 2021 gobara ta cinye azuzuwan kara a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, kuma babu malamin rumfa a jihar nan da bai kwana da wannan hoton a ransa ba. A Gidan Rumji akwai ƙari: tun 2019 ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suke shigowa, aka tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka, yaransu suka shiga aji da tsoron da suka gudo da shi. A 2019 ɗin ce ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar da ke cinye ma'aikaci har ya daina jin aikinsa a rai da cewa aba ce da yanayin aiki ke haifarwa. Mu nan abin da muke cewa shi ne mushe, wato malam, ya zama mai zafin hannu, ko madam ta daina dariya.

To, me ya sa saƙa? Koyarwa aiki ne da ba a ganin ƙarshensa. Yaron da ka koya wa harafi yau, damina ta zo an kai shi gona, ya dawo a Oktoba ya manta rabi. Yarinyar da ka sa wa rai an ɗaura mata aure kafin ta gama firamare. Malami na shuka, da wuya ya ga zangarniya. Saƙa kuwa tana ƙarewa. Layi na hawa kan layi a gaban idonka, cikin ƴan kwanaki safa ta tashi, ka juya ta, ka sa wa ɗan maƙwabta a ƙafa. In an yi kure a layi na biyar sai a warware a sake, babu wanda ya cutu, alhali kuren da aka yi wa yaro a aji ba ya warwaruwa haka. Ga kuma ƙirga: mai lissafin idon saƙa ba ta da sararin maimaita maganar da darakta ya yaɓa mata da safe. A 2013 wasu masu bincike a Birtaniya, cikinsu har da Betsan Corkhill, suka tambayi masu saƙa 3,545 daga ƙasashe daban-daban, suka samu cewa waɗanda suka fi yawan saƙa sun fi bayyana natsuwa da farin ciki. Gaskiya ne masu son abin aka tambaya, don haka ba hujjar likita ba ce. Amma kakanninmu da suke zama da mazari da abawa bayan sun sauke tukunya, da tsofaffin da ke tufkar igiya a gindin gawo, sun riga Turawa sanin cewa hannu in ya kama aiki mai maimaituwa zuciya takan kwanta.

Za a ce mini wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi, ciwon malami albashi ne da aji da benci, zare ba ya biyan bashin mai kanti. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma duk jami'in da zai ɗauki maganar saƙa ya yi garkuwa da ita don kauce wa biyan haƙƙi ya ci amanar malamai. Sai dai gina ajin siminti a kowane ƙauye aikin shekaru ne, malamar rumfar kara kuwa gobe da safe yara na jiranta. Ƙungiyoyin malamai su ci gaba da fafutukarsu; mutumin da ke cikin fafutukar shi ma sai da sauran numfashi zai kai ranar da za a ci nasara. Masu cewa lokacin na shirya darasi ne da gyaran littattafan yara su lura da yadda maki ke fita daga hannun wanda ya gaji liƙis: jan biro a fusace, babu kalmar ƙarfafa gwiwa ko ɗaya. Batun cewa saƙa ta mata ce kuwa bai da ƙarfi a ƙasar da maza ne ke ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga tun kaka da kakanni.

Abin da ya fi damuna daban ne. Talauci yakan mayar da hutu kasuwa. Da zarar an ga madam ta iya rigar sanyi, sai saƙo ya fara zuwa: sunan wance ranar Asabar, a yi kaya uku kafin Juma'a. Kuɗin na da amfani, ba na zargin wadda ta karɓa. Amma daga ranar da aka sa wa saƙa wa'adi ta zama aji na biyu, ana yin ta da fitilar hannu har tsakar dare, ido na ruwa, wuya ya sage, abin da aka nema a cikinta ya gudu. Shawarata ga malama ita ce ta ware abu guda da ba na sayarwa ba, wanda babu mai tambayarta yaushe za a gama.

Hukuma ma tana da abin yi wanda bai kai kuɗin buhun siminti ba. Manhajar firamare ta daɗe da sa'o'in aikin hannu, waɗanda a makarantu da yawa suka koma sharar fili. A dawo da zare da kaba cikinsu, yara su koya, malami ya huta da ihu. A taron CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa kan dabarun koyarwa, a bar rabin sa'a a ƙarshe babu takarda babu sufeto, kowa ya fito da abin hannunsa. Sabuwar malamar da aka turo daga Maraɗi zuwa ƙauyen da ba ta san kowa ba za ta zauna kusa da wadda ta shekara goma a can, ta koyi yadda ake juya dunduniyar safa, a cikin hirar kuma ta faɗi abin da ya hana ta barci tun makon jiya.