Dandalin Kiɗa: Muryar Amurka, Hannun Suwidin

A wannan wata mun ɗora wa kunnenmu wani faifai mai suna Coming to Terms, wanda ƙungiyar makaɗa ta Carolina Liar ta fitar a 2008 a ƙarƙashin kamfanin Atlantic.

Duk wanda ya ji sunan zai ɗauka Amurkawa ne zalla. To, ba haka ba ne. Mai rera waƙar, Chad Wolf, shi ne mutumin Charleston a jihar Carolina ta Kudu, amma galibin waɗanda suka riƙe masa jita da ganga 'yan ƙasar Suwidin ne. Ya bar gida ya tafi Los Angeles neman sa'a, sai ga shi sa'ar ta biyo ta hannun Tobias Karlsson da Max Martin, su ma 'yan Suwidin, waɗanda suka tsara faifan.

A nan ne gizo ke saƙar. Irin kiɗan da ake lissafa wannan ƙungiya a cikinsa, wato rok na 'yan tawaye, ya taso ne daga samarin da suka juya wa manyan kamfanoni baya, suna kiɗa da ƙura da tsatsa, ba ruwansu da ko rediyo zai saka. Shi kuwa Max Martin, ai shi ne maƙerin waƙoƙin kasuwa. Shi ya rubuta wa Britney Spears waƙar da ta fito da ita a 1998, ya kuma yi wa Backstreet Boys aiki. Gaskiya ne shi ma ya taɓa zama mawaƙin rok a wata ƙungiya mai suna It's Alive, amma wannan tsohon zance ne.

Da jin faifan ka san hannun gwani ya bi ta kansa. Amshi na zuwa daidai inda kunne ke jiransa, babu kiɗan da ya yi tsalle ya taka wani. Waƙoƙi biyu, I'm Not Over da Show Me What I'm Looking For, sun samu shiga sosai a gidajen rediyon Amurka, kuma mu ma mun kama kanmu muna gyaɗa kai.

Sai dai a ganinmu an goge ƙwaryar har zanen ya kusa ɓacewa. Abin da ya ceci faifan shi ne muryar Wolf, wadda ke karyewa kamar ta mai roƙo da gaske, musamman a waƙa ta biyun nan. Tawaye kam ba mu ji shi ba. Sunan shiryayye ne kawai a kantin sayar da faifai.

Kada mu manta, Suwidin ta daɗe tana sayar wa duniya waƙa da Turanci, tun ABBA ta ci gasar Eurovision a 1974. Ƙungiyar ta sake fitar da wani faifan, Wild Blessed Freedom, a 2011, amma bai yi amon na farkon ba.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.