Kofuna Takwas Na 'Yan Matan Mali Da Amanar Da Aka Ci

Masu iya magana na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan karin maganar ce ke faɗo mini a rai duk lokacin da na waiwayi tarihin gasar ƙwallon kwando ta 'yan matan Afirka 'yan ƙasa da shekara 16, wadda Hukumar Ƙwallon Kwando ta Duniya, wato FIBA, ke shiryawa ta hannun reshenta na Afirka duk bayan shekara biyu. Na san da yawa daga cikin masu karatu za su ce ina ruwan Malam Bahaushe da wasan 'yan mata, alhali ga tsadar rayuwa da rashin tsaro sun sha mana kai. To amma ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri ya biyo ni, domin abin da ke cikin wannan labari ya wuce jefa ƙwallo a raga. Magana ce ta amanar 'ya'yan mutane da kuma yadda hukumomi ke riƙe ta.

An fara wannan gasa ne a shekarar 2009 a Bamako, babban birnin Mali, kuma masu masaukin baƙin ne suka ɗauki kofin. Da abin ya tsaya nan, da sai a ce ai kowane zakara a gidansa yake cara. Sai dai 'yan matan Mali sun sake ɗaukar kofin a Iskandariya a 2011, da Maputo a 2013, da Antananaribo a 2015, inda suka doke 'yan matan Nijeriya a wasan ƙarshe. Suka maimaita a Beira ta Mozambik a 2017, da Kigali a 2019, da Alƙahira a 2021, da Monastir ta Tunisiya a 2023. Sau takwas ke nan a jere, kuma Masar ce ta fi kowa shan kashi a hannunsu a wasannin ƙarshe, har sai a 2025 da ita Masar ɗin ta samu ta ɗaga kofin a Kigali.

Abin da ya sa wannan tarihi ya zama abin dubawa shi ne, a gasar 'yan ƙasa da shekara 16 ba a cin kofi biyu da 'yan wasa iri ɗaya sai nadiran. Yarinyar da ta yi wasa bana, kafin gasa ta gaba ta zagayo shekarunta sun wuce. Ke nan duk bayan shekara biyu sai an nemo sababbin yara, an koya musu, an haɗa su sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ƙasar da ta yi haka sau takwas ba sa'a ta taka ba, akwai ƙungiyoyin unguwanni da cibiyoyin horar da yara da ke aiki dare da rana a bayan fage. Kada mu manta kuma cewa a cikin waɗannan shekaru ne Mali ta ga juyin mulkin 2012 da faɗawar arewacinta hannun 'yan tawaye, sannan ga juyin mulkin 2020 da na 2021. Gwamnatoci sun zo sun wuce, amma tarbiyyar 'yan wasan ba ta tsaya ba. Ribar ta kuma fito fili, domin a watan Agustan 2021 'yan matan Mali 'yan ƙasa da shekara 19 sun zo na huɗu a gasar cin kofin duniya da aka yi a ƙasar Hangari, kuma a 2022 ƙungiyar New York Liberty ta Amurka ta zaɓi ɗaya daga cikinsu, Sika Kone.

Da a nan labarin ya ƙare, da sai in ce mu tashi mu je Bamako ɗaukar darasi. Amma kash! A watan Yunin 2021, ana saura 'yan makonni a tafi waccan gasa ta Hangari, ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch da jaridar New York Times suka fallasa cewa an daɗe ana lalata da wasu daga cikin 'yan matan da ke wakiltar ƙasar, kuma waɗanda ake zargi su ne masu horar da su. Aka kama mai horar da ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 18, Amadou Bamba, aka gurfanar da shi. Shugaban FIBA na lokacin, Hamane Niang, wanda shi ma ɗan Mali ne kuma ya taɓa shugabantar hukumar ƙwallon kwandon ƙasar, ya ja gefe na ɗan lokaci don a yi bincike. Rahoton da Farfesa Richard McLaren ɗan ƙasar Kanada ya fitar a watan Satumban wannan shekara ya tabbatar da cewa ɓarnar ta yi saiwa a cikin hukumar ta Mali, kuma an yi ƙoƙarin rufa-rufa da tsoratar da shaidu. Rahoton bai sami hujjar da ta ɗaure Niang kai tsaye ba, don haka ya koma kujerarsa. Shi kuwa Bamba, a 2023 FIBA ta haramta masa shiga harkar wasan har abada.

Yaya aka yi irin wannan ta'asa ta daɗe ba a sani ba, ko kuma an sani an yi gum? Amsar ba ta da nisa. Yarinya ce 'yar shekara 15 ko 16, sau da yawa 'yar talakawa, wadda ta ga cewa wannan ƙwallo ce kaɗai hanyarta ta samun gurbin karatu a waje ko kwangila a Turai. Mutum ɗaya ne ke da ikon sa sunanta a jerin masu tafiya ko ya cire, shi ne zai ba ta minti nawa a fili, shi ne kuma ke tare da ita a sansanin horo da masauki a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da uba. Idan ta yi ƙara, wurin wa za ta kai? Wurin jami'an hukumar da suka ɗauki mai horarwar, waɗanda kofunan da yake kawowa su ne abin tinƙahonsu. An ba kura ajiyar nama ke nan, aka kuma naɗa 'yar'uwarta alƙali. Human Rights Watch ta ruwaito cewa yarinyar da ta yi ƙarfin halin tona asirin ba a sa ta cikin waɗanda suka tafi Hangari ba. Wane saƙo aka aika wa sauran yaran da wannan, in ba cewa shiru ya fi musu alheri ba?

To ina Nijeriya ta shigo? Mu namu ciwon daban ne. Babbar ƙungiyarmu ta mata, D'Tigress, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere, a 2017 da 2019 da 2021 da 2023 da 2025, kuma a wasannin Olamfik na Paris a 2024 ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe. Abin alfahari ne ƙwarai. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan jarumai a Amurka aka haife su ko a can suka sami horo, wato wasu suka yi shuka mu muka zo girbi. A matakin 'yan ƙasa da shekara 16, inda ake gane wanda ya yi noma da kansa, ba mu taɓa ɗaukar kofin ba. Shugabannin wasan namu kuwa sun shafe shekaru suna rigimar kujera, har ta kai a watan Mayun 2022 Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye ƙasar daga gasannin duniya na ƙwallon kwando. Ko da aka sauya shawara, bakin alƙalami ya riga ya bushe, an ba Mali gurbinmu a gasar cin kofin duniya ta mata da aka yi a Sidni ta Ostireliya.

Mu a nan Arewa ba baƙi ba ne a wannan wasa. Filin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya yaye 'yan wasa da dama a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ya mai da garin gida, kuma a Zariyar ne Masai Ujiri ya tashi, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Amma idan aka zo batun 'ya'ya mata, sai ka ga uba ya yi turjiya. A da ana cewa matsalar sutura ce, kuma da gaskiya a ciki, domin a 2014 matan ƙasar Katar sun fice daga gasar wasannin Asiya a Koriya ta Kudu saboda an hana su sa ɗankwali. Amma tun 2017 FIBA ta soke wannan doka, an yarda mace ta rufe kanta ta yi wasa. Mali kanta ƙasa ce da Musulmi suka fi rinjaye nesa ba kusa ba. Abin da ya rage a zuciyar uba, a ganina, shi ne tambaya ɗaya: wa zan damƙa wa 'yata, kuma idan ya ci amana wa zai bi mini kadi? Wanda ya kira wannan tsoro da sunan duhun kai bai karanta rahoton McLaren ba.

Saboda haka ni ban ga laifin uban da ya yi tambaya ba, laifin na hukumar da ba ta da amsa ne. Duk jihar da ke son 'yan matanta su shiga wannan wasa, ko ta hanyar gasar makarantun sakandare irin ta Milo ko ta wasannin jiha, to ta fara da shimfiɗa ƙa'idoji a rubuce. Kada ƙungiyar 'yan mata ta kwana a sansani ko ta yi tafiya ba tare da mata dattijai masu kula da su ba. A horar da malamai mata na motsa jiki su zama masu horarwa, tunda kwalejojin iliminmu na da sassan wannan fanni. Kada zaɓen 'yan wasa ya rataya a wuyan mutum ɗaya. A samar da wurin kai ƙara wanda ba ya ƙarƙashin hukumar wasanni, kuma a tabbatar wa yarinya cewa ƙara ba za ta raba ta da gurbinta ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar biliyoyin naira.

Na yaba wa 'yan matan Mali, domin da guminsu suka ci kofunan nan takwas, kuma wasunsu sun ci ne suna ɗauke da baƙin cikin da babu wanda ya saurara. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ɗauki naci da tsarin Bamako na rainon yara tun suna ƙanana, amma mu gina katangar da su ba su gina ba kafin mu ce wa iyaye su kawo 'ya'yansu. Allah Ya kare mana zuriya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.