Me ya sa ake cewa "babu rezo" alhali kuɗin na cikin akwati?

Ɗan ci-rani ya aiko jika 50 daga Abijan, mahaifiyarsa ta je karɓa a Tibiri, aka ce ta dawo gobe. Ga kuɗi a akwati, amma ma'aikaci ya ƙi biya.

Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza suna da rassa masu nisa da juna, kuma dole bayanansu su zama ɗaya. Kafin reshe ya biya, sai babbar kwamfuta ta tabbatar ba a karɓi lambar a wani wuri ba. Idan rezo ya yanke, reshen Tibiri bai san abin da aka yi a Maraɗi ko Jiratawa ba. In ya biya a makance, ana iya karɓar lamba ɗaya sau biyu, asarar ta hau kan ma'aikacin.

Jinkirin kariya ce, amma talaka ke ɗaukar nauyinta: kuɗin kabu-kabu sau biyu, ko maganin da ba a saya ba. Yanke wutar da Najeriya ta yi a Agustan 2023 ya nuna raunin tsarin. Mafita ita ce hasken rana da layin intanet na biyu a ƙananan rassa.