Gemu ba ya hana ilimi, jadawalin jami'a ne ke hanawa

Duk wanda ya haura shekara talatin da biyar ya ce zai koma jami'a, da karin magana ɗaya ake tarbarsa: gemu ba ya hana ilimi. Gaskiya ne. Sai dai bayan an yi masa fatan alheri an watse, shi kaɗai ake bari da kuɗin rajista, da cefane, da shugaban ofis wanda bai san da zaman wata lacca ba.

Ina da ƙanwa malamar firamare, mai takardar NCE da 'ya'ya huɗu, da ta shiga karatun digiri na ƙarshen mako. Karatun bai taɓa gagararta ba. Wadda ta shekara goma sha biyu da alli a hannu ta riga ta san abin da littattafan koyarwa ke ƙoƙarin faɗa. Abin da ya kusa kayar da ita shi ne saƙon WhatsApp da ƙarfe goman dare: malam zai yi tafiya, ya dawo da laccar Asabar gobe Laraba da safe, kuma akwai gwaji. Saurayi ɗan sha tara zai yi tsaki ya juya ya ci gaba da barcinsa. Ita kuwa a daren za ta nemi mai riƙe mata aji, da kuɗin adaidaita sahu da ba ta yi lissafinsu ba. Wata rana ta yi duk wannan, ta isa, aka ce malam bai samu zuwa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne mun daɗe da sanin yadda ake karantar da babba. Je ka zauren malamin unguwarku bayan asuba, ko tsakanin magariba da isha. Ga tela, ga mahauci, ga ɗan kasuwa mai furfura. Wannan yana Ahalari, wancan Iziyya, na kusa da ƙofa ya kai Risala, malam kuma yana biya wa kowa nasa. Wanda fatauci ya ɗauke wata uku, in ya dawo sai ya buɗe inda ya tsaya ya ɗora, ba mai ce masa an rufe rajista. An tsara lokacin ne a kan sana'ar ɗalibi, domin an san mai iyali ne. Haka Islamiyyun matan aure suke jira sai an sauke tukunya. Jami'a kuwa, har a darussan da ta ce na manya ne, tana ɗaukar ɗalibi tamkar yaron da ake ciyarwa a gida.

An yi ƙoƙari, ba a ƙi ba. Shehu Shagari, wanda shi ma tsohon malamin makaranta ne, ya kafa jami'ar karatu daga gida, NOUN, a 1983. Sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Obasanjo ta farfaɗo. Shi kansa Obasanjo a can ya karɓi digirin digirgir a 2018, yana da shekara tamanin. Ana yawan kawo shi misali, amma tsohon shugaban ƙasa ba ya tunanin kuɗin data, ba ya jiran a kawo wuta ya yi cajin waya. Malamin ƙauye da zai sauke darasi ta intanet yana yi.

Ga kuma yajin aiki. Na ASUU a 2022 ya ci wata takwas. Matashi ya yi asara, amma yana da sauran lokaci a gaba. Ma'aikacin gwamnati mai shekara arba'in da bakwai, wanda ritaya ke jiransa a sittin, kuma hutun karatun da ya samu da ƙyar yake ƙarewa yana zaune a gida, kowane wata da ya wuce daga cikin 'yan shekarun da zai mori takardar aka cire shi.

Abin da nake roƙon jami'o'inmu bai kai tsadar sabon gini ba. A kafe jadawali tun farkon zango, malamin da zai canza ya ba da sanarwar mako guda. A bar mai albashi ya biya kuɗin makaranta kashi-kashi. Wadda ta haihu ko wanda ke jinyar mahaifi ya jingine zango ba tare da ya yi ta zarya ofis-ofis ba.

Sauran magana tamu ce, mazaje. Da yawanmu muna ganin mun gama komai da mun ce "na ba ki izini". Izinin da ba a rage mata aikin gida ko ɗaya ba, ƙarin kaya aka ɗora mata. Mijin ƙanwata, Allah ya saka masa, ya karɓi kai yara makaranta da cefanen Asabar, ya kuma jure surutun 'yan majalisa. Duk da haka sai yara sun yi barci take shimfiɗa takardunta a kan tabarma, da fitilar waya, auta yana kwance a cinyarta. Saura mata zango biyu, in ba a sake rufe makarantu ba.