Idan 'Yarki Ta Zaɓi Ilmin Binciken Kufai

Wataƙila kin ji a rediyo cewa a watan Disamba na 1922 ne aka... a'a, bari in faɗa daidai: a Disamba 2022 ne Jamus ta kawo kashin farko na kayayyakin tagulla na Binin zuwa Abuja, sa'an nan a 2025 ƙasar Holan ta dawo da guda 119. An yi ta murna. Amma tambayar da ta dame ni ita ce, wa zai kula da su, kuma wa zai tsare waɗanda ke binne har yanzu?

Mu a Jihar Kaduna abin ya shafe mu kai tsaye. Siffofin yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928. Daga baya ɓarayi suka yi ta tonewa suna sayarwa waje, musamman a shekarun 1990. Abin da ɓarawo ya tono ya rasa rabin darajarsa, domin ba a san zurfin da aka same shi ba, balle gawayin da ke gefensa, wanda da shi ake auna shekaru.

To, a ce 'yarki ta zo ta ce wannan fanni za ta karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Na san abin da za a fara cewa a gida: tonon kabari, ko wasa da gumaka. Lalle ba haka ba ne. Yawancin abin da suke dubawa tsingaro ne, da dutsen niƙa, da toka, da ƙwayar gero da ta ƙone. Watau kayan ɗakin girki. Yarinyar da ta tashi tana bambance bakin randa da na tulu ai ta shiga aji da jarinta. Kuma ba yau mata suka fara ba: Angela Fagg, 'yar Bernard Fagg wanda ya bayyana Nok ga duniya, ita ta yi haƙa a Samun Dukiya.

Sai dai kada in ruɗe ki. Aikin ba shi da yawa, akasarinsa na gwamnati ne ko koyarwa, albashin kuwa ba na gina bene ba ne. Akwai kuma zaman daji na makonni, abin da dole a tattauna da Maigida tun da wuri. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ce babbar mai ɗauka. Wadda ta haɗa da iya kwamfuta, ɗaukar hoto da adana takardu ta fi samun ƙofa.

Kafin ki yanke hukunci, ki kai ta gidan tarihi da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975, ku zarce Arewa House a titin Rabah. Ta tambayi ma'aikatan abin da suka karanta da yadda suka sami aikin, ke kuma ki tsaya kusa ki saurara.