Shafukan intanet na yankin Sahel: zaman haya cikin kwamfutar wani

Tun da Sanigal ta buɗe cibiyar adana bayanai ta Diamniadio a watan Yunin 2021, kuma Shugaba Macky Sall ya ba da umarnin a kwaso bayanan gwamnati daga ƙetare a maido su gida, maganar 'yancin bayanai ta shiga bakin 'yan siyasar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Kamaru ma tana da tata cibiyar a Zamengoé, kusa da Yawunde, a hannun kamfanin Camtel. Sai dai muhawarar ta fi tsayawa kan gini da tutar da ke kansa. Ba a cika tambayar yadda ƙananan gidajen rediyo, jaridun intanet da ƙungiyoyi suke zaune a cikin irin waɗannan gine-gine ba.

Galibinsu zaman haya suke yi. Babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafi, wadda ake kira uwar garke, ta fi ƙarfin aljihun ƙaramar jarida, kuma ta fi ƙarfin buƙatarta. Don haka kamfanoni ke sa wata manhaja ta musamman ta yayyanka na'ura ɗaya gida-gida. Kowane yanki yana da tasa babbar manhajar, Linux ko Windows, da makullinsa, har mai shi ya ɗauka kwamfuta sukutum aka ba shi. Wannan shi ne abin da ake tallatawa da sunan VPS. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa: kowa da ƙofarsa, amma rijiya ɗaya, mitar wuta ɗaya, rufi ɗaya. Dabarar tsohuwa ce. IBM ya fara ta a shekarun 1960, VMware da aka kafa a 1998 ya kawo ta kan kwamfutoci na gama-gari, sannan a 2007 aka shigar da KVM cikin Linux, kowa ya samu kyauta.

Arhar daga rabon take fitowa. Da abin da bai kai sefa dubu biyar ba a wata, mutum a Garwa, Maraɗi ko Njamena zai iya kama ɗaki a wata cibiya a Faransa. Kuma tunda an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957, kuɗin haya ba ya tashi dare ɗaya, saɓanin na Kumasi ko Kano da ke biya da dala, wanda a baya ya sha kallon sidi da naira suna zamewa. Ga harshe ɗaya, ga kuɗi tsayayye. Ba abin mamaki ba ne da kamfanin OVH na garin Roubaix ya yi kasuwa a ƙasashe renon Faransa, har ya buɗe ofis a Dakar.

A daren 9 zuwa 10 ga Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar OVH da ke Strasbourg. Gini ɗaya, SBG2, ya ƙone ƙurmus, wani sashe na SBG1 ma ya tafi. Ba a rasa rai ba, amma kamfanin Netcraft mai sa ido kan intanet ya ƙiyasta cewa shafuka kimanin miliyan 3.6 ne suka ɗauke. Wasu sun dawo bayan kwanaki. Wasu ba su dawo ba har yau, domin masu su sun zaci kuɗin haya ya haɗa da ajiye kwafi, alhali bai haɗa ba. Abin da ya fi ciwo shi ne na waɗanda suka biya kuɗin kwafin ajiya daban, suka tarar a ginin da ya ƙone aka ajiye shi. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta umarci kamfanin ya biya wasu daga cikinsu diyya. Kamfanonin Faransa ne, masu lauyoyi a kusa. Da wuya gidan rediyon al'umma da ya rasa shirye-shiryen Hausa na shekara goma ya iya kai ƙara Lille, kuma ko ya kai, diyya ba ta maido da muryar dattijon da ya riga mu gidan gaskiya.

Ko babu wuta, zaman haya yana da nasa ciwon kai. Masu gida kan raba ƙarfin na'ura fiye da abin da take da shi, bisa lissafin cewa ba kowa zai ɗebi ruwa lokaci ɗaya ba. Ranar da maƙwabci ya yi baƙi, shafin kowa sai ya yi nauyi. Kuma a Janairun 2018, lokacin da aka bankaɗo raunin Meltdown da Spectre a ƙwaƙwalwar kwamfutoci, an ga cewa katangar da ke tsakanin ɗakunan tana iya yoyo.

Masu cewa a dawo gida suna da hujja. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashe da dama suka shiga duhu, shafin da aka rubuta a Akara don mutanen Akara ya gagari masu karatunsa saboda yana kwana a Turai. Amma gini a gida ba ya nufin makulli a hannu. Cibiyoyi da bankuna da yawa da manhajar VMware suke yanka na'urorinsu. A Nuwamban 2023 kamfanin Broadcom na Amurka ya saye VMware a kan kusan dala biliyan 69, ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma karɓar kuɗi shekara-shekara, abokan ciniki a ko'ina suka yi ta kukan tsada. Ma'aikatar da ta gina cibiya a ƙasarta tana iya wayar gari mai gidanta na ainihi yana Kalifoniya. Shi ya sa wasu ke ƙaura zuwa Proxmox da KVM, waɗanda ba sa buƙatar lasisi mai tsada, sai dai injiniyan da ya iya. Nan ne gwamnatoci suka fi sakaci, don horar da ma'aikaci ba ya da bikin yanke ƙyalle.

Ga ƙaramin ɗan haya kuwa, dabarar da ta jefa shi cikin haɗari ita ce ke ba shi mafita. Ɗakin nan na VPS ba bulo da siminti ba ne, fayil ne. Ana iya ɗaukar hotonsa gaba ɗaya, a ajiye kwafi a wani kamfani a wata ƙasa, a ajiye wani a faifai cikin durowar ofis, a tayar da shi a wata na'ura cikin sa'o'i. Bayan gobarar Strasbourg, shafukan da suka fara dawowa su ne na waɗanda suka yi hakan tun kafin wuta ta tashi.